Moana, yarinyar da ta ƙetare teku

Polineziya wani yanki ne cikin tekun Pasifik, mai tsibirai fiye da 1000. Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye. Mutanen can gwanayen tuƙin jirgin ruwa ne tun kaka da kakanni. Taurari da igiyar ruwa da tsuntsaye ne ke nuna musu hanya.

Suna da tatsuniyoyi da yawa. Gwarzon da ya fi suna a ciki shi ne Maui. An ce shi ya jawo tsibirai daga ƙarƙashin teku da ƙugiyarsa ta kamun kifi. An ce kuma ya ɗaure rana da igiya don ta rage sauri, yini ya ƙara tsawo.

A shekara ta 2016, kamfanin Disney na Amurka ya yi silima ta zane a kan waɗannan tatsuniyoyi. Sunanta Moana, amma a Faransa ana kiran ta Vaiana. Masu aikin sun je Polineziya, sun nemi shawarar mutanen wurin. Daga baya aka juya silimar cikin harsunan Tahiti da Mawori da Hawai.

Ga labarin. Moana ɗiyar sarkin wani tsibiri ce. Wata shekara kwakwa ta fara ruɓewa, kifi ya ɓace. Yunwa tana tafe, amma sarki ya hana kowa shiga teku da nisa, don can ya rasa amininsa. Sai kakar Moana ta ba ta labari: Maui ne ya sace zuciyar Te Fiti, uwar tsibirai, shi ya sa ƙasa ke mutuwa. Moana ta ɗauki jirgi, ta nemo Maui, ta koyi tuƙi a wurinsa.

A ƙarshen tafiya, wata dodanniya ta wuta, Te Ka, ta tare su. Ƙarfin Maui bai kada ta ba. Moana ta dube ta da kyau, sai ta gane Te Fiti ce, rashin zuciya ya mai da ita haka. Ta matso a hankali, ta mayar mata da zuciyarta. Ƙasa ta yi kore, mutane suka tsira.

Abin da ya sa labarin ke riƙe mai kallo shi ne abincin gari duka yana wuyan yarinya ɗaya. Kuma ba da faɗa ta ci nasara ba. Maganar tsohuwa da lura da haƙuri ne suka taimake ta.

Tambayoyi

1. Mene ne tsibiri?
2. Don me sarki ya hana shiga teku da nisa?
3. Yaya Moana ta gane Te Fiti?
4. Kawo wata tatsuniya da ka ji a gida, wadda hankali ya fi ƙarfi a cikinta.