Darasi: takardun babur da lambarsa

Ƴan'uwa masu karatu, in kaka ta yi kyau, wasu kan sayar da wake ko gujiya su sayi babur. Da yawa suna tsallaka iyaka, su sayo shi a Jibiya ko Illela.

To, takardun Najeriya ba su isa ba a nan Nijar. Da farko sai ka je wurin duwan, ka biya kuɗin fito, su ba ka takarda. Da ita za ka nemi kart giriz da lamba mai haruffan RN. Asirans ma dole ne.

Kart giriz ita ce shaidar abin hawa. Akwai sunan mai shi a ciki, da lambar da maƙera suka buga a jikin ƙarfen. In na hannu ka saya, ko da daga Damagaram ne zuwa Maraɗi, ka karɓi takardar ciniki mai sa hannu, a sake suna. In ba haka ba, ran da aka yi haɗari ko sata, sunan wani jandarmomi za su gani, ba naka ba.

Yanzu ka iya karatu. Kafin ka miƙa kuɗi, duƙa ka karanta lambar ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, ka gwada ta da ta takarda.