Darasi: Matsin Inji da Iskar Naitiros a Tseren Motoci

A ƙasar Amurka ana yin wani irin tseren motoci a kan miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon mita 402. Ƙungiyar NHRA, wadda aka kafa a 1951, ita ce babbar mai shirya shi. Wasu masu tseren sukan ƙara wa injinsu ƙarfi da wata iska mai suna naitiros. Amma idan bakanike ya kuskure wajen zaɓen matsi, inji mai tsada yakan lalace cikin ƙiftawar ido.

Mene ne matsi?

A cikin inji akwai silinda, inda fistan yake hawa da sauka. Idan ya hau, sai ya matse iska da fetur, filogi ya kunna musu wuta. Idan wurin da ya ɗauki awo 10 ya koma awo 1, sai a ce matsin 10 ne bisa 1. Matsi mai yawa yana ba da ƙarfi, amma yana kawo zafi.

Mece ce naitiros?

Wani masani ɗan Ingila, Joseph Priestley, shi ya gano ta a 1772. Likitoci suna amfani da ita don rage raɗaɗi. Wuta ba ta ci sai da oksijin. A nauyi, kashi 36 cikin 100 na naitiros oksijin ne, alhali iskar da ake shaƙa kashi 23 gare ta. Idan ta ji zafin cikin silinda, sai ta saki oksijin ɗin. Dole ne a ƙara fetur daidai da ita, in ba haka ba zafi ya narkar da fistan.

Ina haɗarin yake?

Matsi yana ɗora wa silinda nauyi, naitiros ma haka. Idan suka haɗu suka yi yawa, ragowar fetur yakan fashe da kansa maimakon ya ƙone a hankali. Wannan fashewa ita ke karya zoben fistan. Ai ganga in ta cika zaƙi, fashewa take yi.

Yadda ake zaɓe

1. A fara duba fetur. Kowane fetur yana da lambar oktan, wato juriyarsa ga matsi. Da fetur na gidan mai, akan tsaya wajen 9 ko 10 bisa 1. Da fetur na musamman na tsere, akan kai 13 ko fiye.

2. A san yawan naitiros. In za a zuba da yawa, a sassauta matsi.

3. A jinkirta wutar filogi. Makanikai sukan rage digiri 2 ga kowane ƙarin ƙarfin doki 50.

4. A sa fistan mai ƙwari, a buɗa bakin zobensa kaɗan, domin ƙarfe yana buɗewa idan ya ji zafi.

Abin lura

Wannan ƙa'ida ta shafi babur da injin ban-ruwa mai shan fetur. Idan aka kankare kan silinda fiye da kima, matsi zai ƙaru. Idan kuma fetur ba shi da kyau, inji zai ji jiki.

Tambayoyi

1. Me ake nufi da matsi 10 bisa 1?
2. Don me ake ƙara fetur tare da naitiros?
3. Me ya kamata a fara dubawa kafin a zaɓi matsi?