Yadda ake neman ƙwararren da zai dasa na'urar farfaɗiya, daga Minna

Akwai wata jijiya da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa ta bi gefen wuya har ƙirji da ciki, likitoci suna kiranta vagus. A 1997 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa dasa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar ƙirjin hagu, a naɗa wayarta a jikin jijiyar, ta dinga aika ɗan lantarki zuwa ƙwaƙwalwa, galibi ta yi aiki daƙiƙa 30, ta huta minti 5. An fara da masu farfaɗiyar da ta gagari magani, a 2005 aka haɗa da masu ciwon damuwa mai tsanani. Duk uwar da ɗanta ke faɗuwa a kasuwa ko a makaranta, in ta ji wannan labari, tambayarta ɗaya ce: ina zan samu mai dasa ta?

A gida ake farawa, da littafi da biro. A rubuta ranar kowace faɗuwa, tsawonta, sunan maganin da ake sha da adadinsa. In an samu hali a ɗauki bidiyo da waya, domin likita ba kasafai yake ganin farfaɗiya da idonsa ba. Likitoci ba sa cewa ciwon ya gagara sai an jarraba magunguna biyu da suka dace, an sha yadda ya kamata, kuma faɗuwa ba ta tsaya ba. Nan ne ake yawan yin kuskure. Wanda ke shan carbamazepine mako biyu, ya bari in kuɗi sun ƙare, ba magani ne ya kasa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin ɗari na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace. Ina roƙon iyaye su tsaya a kan wannan kafin su sayar da gona.

Daga nan sai a kai littafin Babban Asibitin Minna, ko Asibitin Ƙwararru na IBB, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida, a nemi takardar turawa wurin likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Ana samun irinsu a manyan asibitoci, kamar Asibitin Ƙasa na Abuja, asibitin koyarwa na Gwagwalada, na Shika a Zariya, da na Malam Aminu Kano. Za a yi gwajin EEG da hoton MRI. Wani lokaci hoton kan nuna tabo ko ƙari da za a iya cirewa da tiyata, wanda kan fi na'urar amfani, domin na'urar rage yawan faɗuwa take yi, da wuya ta kawar da ita gaba ɗaya.

Mai ciwon damuwa kuwa, hanyarsa ta wurin likitan lafiyar tunani ce, kamar a asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. A Amurka sai baligin da aka jarraba masa hanyoyin magani huɗu ba a dace ba ake dasa wa na'urar, kuma sauƙin kan ɗauki watanni.

In likitan ya ga ya dace, shi zai ambaci likitan tiyata, a gida ko a waje. Kada a bar dillalin tafiya Indiya ya zaɓa. A tambayi mai tiyatar: mutum nawa ka dasa wa? Nawa ne canjin batir in ya ƙare bayan wasu shekaru? Sai tambayar da ta fi duka nauyi: wa zai riƙa saita mana na'urar in mun koma Minna? Ana fara lantarkin ne kaɗan, a dinga ƙarawa sannu a hankali da na'urar saiti ta musamman, makonni ko watanni. In babu mai yin haka kusa, a Abuja ko Kaduna, a nemi amsa a rubuce tun kafin a biya ko sisi.

Bayan tiyata murya kan dushe ko a yi tari lokacin da na'urar ke aiki. Za a ba da maganaɗisu da ake gogawa a ƙirji in an ji alamun faɗuwa. Shan magani zai ci gaba, kuma duk ranar da aka ce a yi hoton MRI, a fara gaya musu cewa akwai na'ura a jiki.