Karaya da Ɗori: Jan Hankali ga Mutanen Ungogo

Jama'a, da zarar mangwaro ya nuna a ƙauyukan Ungogo, masu ɗori sun shiga kakarsu. Yaro ya hau bishiya, reshe ya ɓalle da shi, ya faɗo ya tokari ƙasa da tafin hannu. Damina kuwa ba ta wucewa sai an sami wanda sa ya tunkuya a wajen huɗa, ko wanda katanga ta rufto wa. Ga babura da adaidaita sahu da ke kaiwa da komowa a kan hanyar Katsina ta wajen Bachirawa. Saboda haka ya kamata kowane magidanci ya san abin da zai yi kafin a kai ga likita, domin sau da yawa abin da aka yi wa mai rauni a sa'o'in farko shi ke raba shi da hannunsa, ba karayar kanta ba.

Da farko a sani cewa targaɗe daban, gocewar ƙashi daban, tsagewa daban, karaya daban, amma dukkansu suna kumbura, suna zafi. Ido ba ya rarrabe su, sai hoton ƙashi. Maganar da ake yi cewa "ai tunda yana takawa ba karaya ba ce" kuskure ce. Mutum yana iya takawa da tsagaggen ƙashi har ya ƙarasa karya shi.

Idan ka iske wanda ya yi haɗari, kada ƙafar da ta lanƙwashe ta ɗauke maka hankali. Duba ko yana numfashi, ka yi masa magana ka ji ko zai amsa. In jini na zuba, danne wurin da tsumma mai tsabta, ka riƙe. In yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, to, kada a ɗauke shi wannan ya kama hannu wancan ya kama ƙafa, a cusa shi cikin adaidaita a zaune. A samo ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum ɗaya ya riƙe kansa, a kwantar da shi a miƙe. Laka in ta tsinke ba ta ɗoruwa. Karayar cinya ita ma abar tsoro ce, don mutum na iya zubar da jini fiye da lita 1 a cikin cinyar ba tare da an ga ɗigo a waje ba.

In ƙashi ya huda fata ya fito, kada a tura shi ciki, kada a zuba toka ko ƙasa ko garin magani. A rufe da tsumma mai tsabta a nufi asibiti, inda za a wanke ciwon, a yi allurar rigakafin ciwon sarƙewar haƙora. Kafin a tashi, a tallafe gaɓar yadda aka same ta da kwali ko kara ko katako, a sa zane mai laushi a tsakani, tallafin ya wuce mahaɗar sama da ta ƙasa. A cire zobe da warwaro tun kumburi bai hana ba. Kada a ba shi abinci, ko da kunu ne, don mai yiwuwa a yi masa aiki.

Yanzu ga inda aka fi yin asara. Gaɓar da ta karye takan ci gaba da kumbura kwana biyu ko uku. In aka jera karan ɗori aka tamke da tsumma tamau, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse hanyoyin jini. Tsokar da jini ya daina isa gare ta takan fara mutuwa cikin kamar awa 6. Yaro zai kwana yana ihu, manya na rarrashinsa, "Yi haƙuri, ɗori ne ya kama." Kashegari ihun ya ragu, a ce alhamdu lillahi, alhali kuwa jijiyar ce ta mutu. Bayan kwanaki yatsu su yi baƙi, wari ya tashi. Wanda ya tsira daga ruɓewa, musamman yaron da ya karye a saman gwiwar hannu, yakan tashi da shanyayyen hannu, yatsu a ƙandare.

Don haka, ya kai uba, ke uwa, ko ɗorin gida ne ko simintin asibiti, a bar yatsu a waje, a riƙa duba su. Danna farce har ya yi fari, ka saki. In jan bai dawo ba cikin daƙiƙa 2, ko yatsun sun yi sanyi, ko sun yi shuɗi, ko ba ya jin taɓi, ko miƙar da yatsa ɗaya na sa shi ƙara, a sassauta ɗaurin nan take a tafi asibiti, ko da tsakar dare ne.

Ba raina masu ɗori ake yi ba. Sana'a ce ta gado, kuma sun yi wa jama'a hidima tun kafin a san asibiti. Amma hannu, kome ƙwarewarsa, ba ya ganin cikin tsoka. Masu cewa asibiti yanke ƙafa ake yi kuwa, su tambayi kansu a wane hali ake kai ƙafar. Wadda aka kai ranar da ta karye, galibi gyara ta ake yi. Wadda aka kai bayan ta yi baƙi, yankewar ce kaɗai ke ceton ran mai ita.

Targaɗe mai sauƙi yana son hutu, da ɗaga ƙafar sama, da ƙanƙara a cikin tsumma na minti 20. A bar murza da gashi da ruwan zafi a kwana biyun farko. In kwanaki sun wuce mutum ba ya iya takawa, a je a yi hoto.

Asibitin Ƙashi na Dala yana nan tun 1959, mutane na zuwa masa daga jihohi masu nisa, mu kuwa yana kusa da ƙofarmu. Masu unguwanni da limamai, ku taimaka ku isar da wannan ga jama'arku: a yi hoto kafin a ɗaure, in an ɗaure a duba yatsu.