Darasi na 14: Kyautar Sallah Daidai Ƙarfi

'Yan'uwa ɗalibai, zumunci ba a aji kuka koye shi ba. Kun san Ƙaramar Sallah ranar 1 ga Shawwal take, Babba kuma ranar 10 ga Zulhajji. Kun san a kai wa iyaye da surukai gaisuwa, a ba yara barka da Sallah, a aika wa maƙwabta tuwo ko naman layya. Gargaɗi ɗaya ne ya kawo wannan darasi: kada a ci bashi don a yi kyauta.

Ga wani labari. Ranar 25 ga azumi, an sha ruwa an yi Asham, sai ga Malam Audu ya shigo gida da ƙunshi a hammata. Ya kwance shi a kan tabarma, leshi yana ta ƙyalli.

Matarsa Hajara ta ajiye ludayin kunu ta ce, "Maigida, wannan fa na wa?"

Ya ce, "Na Inna ne. Bara ƙanena Sule ya kai mata atamfa, har yau ana zancen. Ni ne babba, ba zai fi ni ba."

"Da wane kuɗin?"

Ya sosa ƙeya. "Mai shago ya ba ni, sai bayan Sallah. Ai bashi hanji ne, yana cikin kowa."

Ta tafa hannu. "Ikon Allah! Geron fidda kai ba mu auna ba, ɗinkin yara yana wurin tela ba a biya ba. Yaushe rabonka da ka dubi ƙafar Inna?"

"Me ya sami ƙafarta?"

"Silifanta ya tsinke tun kafin azumi, da waya ta ɗaure shi. Tocilarta ta mutu, da lalube take fita alwalar asuba. Leshin nan kuwa ƙasan akwati za ta sa shi, ta ce sai bikin jika."

Ƙaramar 'yarsu ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Baba, jiya ma wayar ta soke ta."

Malam Audu ya yi shiru, ya naɗe leshin. Washegari ya mayar. Da kuɗin aljihunsa ya sayi takalmi mai taushi da tocila da sabulu, har canji ya ragu. Inna ta sa takalmin nan take, ta yi ta sa masa albarka.

Hajara ta yi gaskiya. Tsakanin Sallah da Sallah wata 2 ne da kwana 9 ko 10. Wanda ya ci bashi a azumi, bai gama biya ba za a fara zancen rago. Mai shago ya fara sallama a ƙofa, maigida ya koma fita ta ƙofar baya, hatsin yara ya tafi kasuwa. Kada a ci bashi don a yi kyauta.

Abin takaici, a kowace unguwa akwai masu yin haka duk shekara. Wata ta ɗauki kaya wurin dillaliya don kada kishiya ta fi ta a gidan suruki. Wani ya sayar da akuyar da ke da ciki don a ce ya yi bajinta. Bayan Sallah su ne ke yawon aron mudu, su ne ke faɗa da mutanen da suka taimake su. An faɗa, an sake faɗa, ba sa ji. Ku kada ku bi sahunsu.

Zaɓen kyauta ba wuya, in dai kana zuwa gidan mutum kana lura. Tsoho yana son buta, sallaya ko turare. Ɗan makaranta, littafin rubutu da biro. Mai jego, sabulu da zane. Maƙwabcin da ba shi da hali, kwanon hatsi ko naman da zai sa a tukunya. Wanda yake nesa, a kira shi a waya.

A fara tanadi da wuri. In kana jefa naira 500 a asusu kowane mako, cikin mako 40 ka tara naira 20,000. Adashi ma hanya ce. A yi sayayya tun a Sha'aban, kafin kaya su yi tsada, teloli su cika da aiki. Ka rubuta sunayen waɗanda za ka ba, ka fara da iyalinka da iyayenka. Inda kuɗi ya ƙare, nan rubutu ya tsaya.

In babu ko sisi, ka wanke tufarka ka taka ka je gaisuwa, zumunta a ƙafa take. Amma bashi don kyauta, kul!

Tambayoyi

1. Me ya sa Malam Audu ya ɗauko leshi bashi?
2. Me Inna take bukata?
3. In kana ajiye naira 300 kowane mako, nawa za ka tara cikin mako 40?
4. Rubuta sunayen mutum 5 da za ka yi wa kyauta bana, da abin da kowannensu yake bukata.