Darasin Kwamfuta: Yadda Fata Ke Zama Jiki

Masu zana injuna da gine-gine suna aiki da manhajoji irin su AutoCAD da FreeCAD. Daga cikin ire-iren zanen da ake yi da su, akwai fata, akwai jiki.

Fata ita ce bayan abu kawai, ba ta da kauri ko kaɗan. Idan muka zana tankin ruwa mai gefe shida, falle shida kawai kwamfuta take gani. Sai mun umarce ta ta ɗinke su baki da baki, kamar yadda ake ɗinke fasasshiyar ƙwarya, sannan ta ɗauke su jiki ɗaya. In muka bar wata kafa a buɗe, za ta ƙi.

Amfaninsa shi ne, jiki ne ake iya auna cikinsa. Tanki mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, zurfin mita 1, lita 2,000 yake ci. Idan kuma muka ba fatar kauri, a ce milimita 3, za mu san nauyin ƙarfen da zai ci. Ka ga mai walda a Sabon Birni ko Isa zai san kuɗin aiki tun bai yanka falle ba. FreeCAD kuwa kyauta ce.