Kwalliyar Takarda: Yadda Ake Zaɓar Haruffa, Launi da Tsari

Zangon ƙarshe ya kama, kowa na da takardar da zai ajiye gaban wani. Masu fita IT na haɗa CV, masu furojet na gyara bangon aikinsu, masu neman kujerar ƙungiya kuma fastocinsu sun cika allon sanarwa. Wanda zai karɓi takardarka, idonsa ne ke fara yanke hukunci tun kafin ya karanta layin farko. Hausawa dai sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to fuskar takarda ita ce tsarinta. Ga abubuwa huɗu da ya kamata ka riƙe, ko da Word kake aiki ko Canva.

Salon haruffa

Haruffan kwamfuta gida biyu ne manya. Akwai masu 'yan ƙafafu a ƙarshen kowane harafi, irin Times New Roman, wanda aka fara amfani da shi a jaridar The Times ta Landan a 1932. Akwai kuma marasa ƙafa, irin Helvetica da aka zana a Suwizalan a 1957, da Arial na 1982, da Calibri wanda Word ya riƙa buɗewa da shi daga 2007 kafin a sauya shi daga baya. Masu ƙafa sun saba da dogon rubutu a takarda, marasa ƙafa kuma sun fi fitowa a kanun magana da fuskar waya.

Ƙa'idar ita ce kada ka wuce salo biyu a takarda ɗaya: ɗaya na kanu, ɗaya na jikin rubutu. Jikin rubutu ya tsaya a girma 11 ko 12, kanu kuma 14 zuwa 18. Wannan lambar ma'auni ce, 72 daga cikinta ne inci ɗaya. Shi kuwa Comic Sans, an zana shi ne a 1994 don kalaman zanen barkwanci a wata manhajar Microsoft, don haka ka bar wa katin bikin yara. Idan kuma sashenku ya riga ya faɗi salon da za a yi furojet da shi, magana ta ƙare, ka bi nasu kawai.

Haruffa masu lanƙwasa

Nan ne mu masu rubutu da Hausa ke shan wahala. Ka rubuta "ƙungiya", ka zaɓi wani salo mai ado, sai ka ga ɗan akwati ya fito a gurbin ƙ, ko kuma harafin ya fito da wata siffa daban kamar baƙo a cikin 'yan gida. Dalili shi ne kwamfuta ba hoton harafi take ajiyewa ba, lamba take ajiyewa a tsarin Unicode. Salon da ka zaɓa ne ke ba ta zanen da ya dace da lambar. Idan mai zana salon bai zana ƙ ba, sai ta aro daga wani salon ko ta nuna akwati.

Wasu na guje wa matsalar ta hanyar cire lanƙwasar gaba ɗaya. To fa a nan ma'ana ke juyewa: ƙasa ta koma kasa, ƙafa ta koma kafa, ƙarya kuma ta koma karya. Ɗan takarar da ya buga fasta ɗari biyu da "Ba ma karya" ya san abin da abokan hamayya za su yi da ita.

Maganin ba wuya. A Word, rubuta 0253 sannan ka danna Alt da X tare, ɓ zai fito. Lambar ɗ ita ce 0257, ta ƙ 0199. Manyansu kuwa 0181, 018A da 0198. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ a inda mu muke sa 'y, lambarsa 01B4. A waya, Gboard na da allon Hausa, sai ka ƙara shi. Salon da ba ya ba da kunya sun haɗa da Noto Sans da Noto Serif na Google, da Charis da Andika na SIL, duk kyauta ne. Kafin ka amince da kowane salo, gwada masa "Ɗan ƙaramin ɓera" ka gani.

Launi

Abin da ke sa rubutu ya karantu shi ne tazarar haske tsakaninsa da bayansa. Ana auna ta. Baƙi a kan fari shi ne ƙololuwa, 21 bisa 1. Hukumar W3C, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta sa 4.5 bisa 1 a matsayin mafi ƙaranci ga ƙaramin rubutu, 3 bisa 1 ga babba. Ruwan ɗorawa mai haske a kan fari bai ma kai 1.1 ba, shi ya sa sai ka matso kamar za ka shinshini fastar kafin ka ga ranar taro.

Launi biyu ko uku sun isa: mai duhu na rubutu, mai haske na baya, sai ɗaya na jan ido. Kada ka dogara da ja da kore kaɗai wajen bambanta abubuwa a jadawali, domin akwai masu matsalar rarrabe su, kuma ta fi yawa a maza.

Sannan ka sani fuskar waya haske take haɗawa: ja, kore da shuɗi. Furinta kuma tawada huɗu take haɗawa a kan takarda, kuma tawada ba ta iya kai hasken sikirin. Shi ya sa shuɗin da ya burge ka a waya kan fito a dusashe. Ka sa mai shago ya fitar maka da kwafi ɗaya tukuna. CV kuwa ka gwada shi a baƙi da fari, don akwai yiwuwar hotokofi za a yi masa.

Tsarin shafi

Wata marubuciya Ba'amurkiya, Robin Williams, a littafinta The Non-Designer's Design Book na 1994, ta dunƙule harkar cikin ƙa'idoji huɗu: bambantawa, maimaitawa, jerawa da kusantawa. Abu mai muhimmanci ya fita daban ƙwarai. Kanu iri ɗaya su yi kama da juna daga farko har ƙarshe. Komai ya bi layi ɗaya, gara ka jera daga hagu da ka tara komai a tsakiya. Abubuwan da ke da alaƙa su zauna kusa: rana, lokaci da wurin taro wuri ɗaya, ba kowanne a kusurwarsa ba.

Ka bar wa shafi wurin numfashi. A4 faɗinta milimita 210, tsawonta 297, ka bar kamar santimita 2.5 a kowane gefe. Fili ba asara ba ne. Hoto kuma ta kusurwa ake jansa, in ka ja ta gefe fuskarka za ta baje. Don bugawa ana son ɗigo 300 a kowane inci, wato hoton da zai cika A4 ya kai kusan 2480 da 3508. WhatsApp na matse hoto, saboda haka ka tura wa mai shago a matsayin fayil. In ka gama, ajiye aikin a PDF, shi ne ke tafiya da salon haruffanka zuwa kwamfutar da ba ta da shi.

Gwaji na ƙarshe: manna takardar a bango, ja da baya taku biyar, ka kira abokin ɗakinka ya kalla na daƙiƙa biyar. In fasta ce, tambaye shi me za a yi, yaushe, a ina. In CV ce, tambaye shi sunan wa ya gani, me ya karanta. Abin da ya kasa faɗa, shi za ka koma ka gyara. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.